Malam Abdullahin Gwandu da Gudun Duniya

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata an ba mu aikin rukuni a kan waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, musamman waɗanda suka shafi zuhudu, wato gudun duniya. Mu shida ne a rukunin. Mukan haɗu da la'asar a gindin wani mangwaro da ke bayan masaukinmu, domin duk wanda ya san Gwagwalada ya san cewa a watan Maris ɗaki ba ya zaunuwa. Tun a zaman farko gardama ta kaure tsakaninmu. Wani daga cikinmu ya ce duk littattafan da ke kiran mutum ya kaɗaita, ya rage buri, ya wadatu da kaɗan, ƙosassu ne suka rubuta su, kuma ba a yi wa mai kwana da yunwa wa'azin azumi. Wata kuma ta ce ai irin waɗannan littattafai su ne maganin zamaninmu, tunda ga birnin Abuja nan dab da mu, kowa idonsa na kan kujera da kwangila. Duk inda gardamar ta zagaya sai ta dawo kan suna ɗaya, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu.

Wannan ne ya sa na koma ɗakin karatu na bibiyi tarihinsa. Abin da na samo shi ne nake son in kawo wa 'yan uwana ɗalibai a wannan mujalla tamu. Tarihi ne na malamin da ya taɓa barin runduna da mulki da dangi, ya nufi gabas domin ya tsira da addininsa, amma aka tare shi a hanya, ya dawo ya ƙarasa rayuwarsa a tsakiyar abin da ya guje wa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wadda ta faɗo tsakanin 1766 da 1767 Miladiyya, a cikin zuriyar Toronkawa da ta shahara da malanta. Sunan mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Kalmar Fodiyo a Fulatanci tana nufin malami masanin shari'a. Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12.

A wajen mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka damƙa shi a hannun wansa Shehu. Shi da kansa ya jero malamansa da littattafan da ya karanta a wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, wanda ya rubuta a 1812. A wajen Shehu ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan Jahiliyya, da littattafan tauhidi na Sanusi, da Ajurumiya a fannin nahawu, da Ahalari da Ashmawi da Risala a fannin fiƙihu. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure zai gane waɗannan sunaye. Bayan haka ya bi wasu malamai da dama, cikinsu har da kawunnansa, da kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma Shehu ya yi karatu a wajensa.

Ni da ban sha Hausa a nono ba, a kasuwa da makaranta na tsince ta, wannan ɓangare na tarihinsa ya ƙara mini ƙwarin gwiwa. Fulatanci ne harshen gidansu, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa taka ƙasar Larabawa ba, amma ya ƙware a Larabci har ya rubuta littattafan koyar da shi.

Tare da Shehu a Fagen Wa'azi

Shehu ya fara wa'azi tun wajen 1774, kuma da Abdullahi ya tasa sai ya zama ba ya rabuwa da shi. Tare suka yi yawon wa'azi a ƙasar Kabi, sannan a Zamfara, inda suka shafe kimanin shekara 5. A wannan lokaci ne wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko wa Shehu waƙa yana sukar yadda mata ke halartar majalisinsa tare da maza. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba da amsa. Shi kuwa ya mayar da martani cikin waƙar Larabci, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Lokacin yana ɗan kimanin shekara 20.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin babbar salla, ya yi musu kyauta mai tsoka. Shehu ya ƙi karɓar tasa. Maimakon dukiya sai ya nemi abubuwa 5: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Abdullahi yana wurin aka yi haka. A ganina, a nan ya ga gudun duniya da idonsa, tun kafin ya zo yana rubutu a kansa.

Shekarun Yaƙi

Bayan rasuwar Bawa al'amura suka riƙa tsananta tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir, musamman a zamanin Nafata da ɗansa Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 jama'a ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu, ya zama wazirinsa. Shi ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda aka kori mayaƙan Gobir duk da sun fi yawa da kayan yaƙi.

Sai dai murna ba ta daɗe ba. A watan Disamba na 1804, a yaƙin Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, jama'a ta rasa mutane kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Yunwa da cuta suka biyo baya. A 1805 Abdullahi ya jagoranci cin Birnin Kabi, jama'a kuma ta koma Gwandu da zama. Kafin shekarar ta ƙare aka yi yaƙin Alwasa. A kan hanyar zuwa, runduna ta afka wa wani gari da ke da amana da jama'a ta washe shi, duk da hanin da Abdullahi da Muhammadu Bello suka yi. Sun ba da shawarar a koma gida ba a saurare su ba, kuma aka sha mummunan kashi.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da abin da ke faruwa. Almajiran da suka zauna gaban Shehu a Degel shekara da shekaru, yawancinsu yaƙi ya cinye su. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawa ba su yi wannan tarbiyya ba, wasu yunwa ta koro su, wasu kwaɗayin ganima. Rundunar na ƙara girma, amma mutanen da Abdullahi ya sani suna ƙara raguwa.

Ranar da Ya Juya wa Runduna Baya

A shekara ta huɗu bayan hijirarsu, wato wajen ƙarshen 1807, runduna ta tashi za ta Alƙalawa. Abdullahi ya fita tare da ita, amma a hanya sai ya zame jiki shi da mutum 5, suka fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Ya ba da labarin wannan tafiya a littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da bayanin abin da ya sa ya yi kowace. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi, aka buga a Ibadan a 1963.

Dalilan da ya bayar a fili suke. Ya ga zamani ya sauya, 'yan uwa sun karkata ga duniya, ana rige-rigen sarauta da dukiya da girma, an yi watsi da masallatai da makarantu. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne bai cire kansa daga cikin masu laifi ba. Ya lissafa kansa a cikinsu, har ma ya sa kansa a gaba, kuma yana tsoron idan ya zauna abin da ya ci su zai ci shi. Sun kwana 3 a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye, kafin su iso inda mutane suke.

Mu tuna cewa mai wannan tafiya shi ne mutum na biyu a cikin jama'a bayan Shehu, yana da shekara 40 da 'yan kai, ga shi ana dab da cin Gobir. Lokacin da kowa ke jiran rabon kaso, a lokacin ya tafi.

Zamansa a Kano

Tafiyar ba ta wuce Kano ba. Mutanen Kano, waɗanda ba su daɗe da kafa sabon mulki a ƙarƙashin Sarki Sulaimanu ba, suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tafiyar da al'amuransu. Da farko ya nuna musu cewa abin da ya gani a wurinsu shi ne ya baro a gida. Da suka matsa sai ya zauna, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke bayani a kan hijira, da naɗa shugaba da mataimakansa, da jihadi, da yanke hukunci. Ya ruwaito cewa sun gyara halinsu, har suka mayar da itacen gangunansu abin zuba wa dawaki abinci.

Daga Kano gida ya koma, kuma bai ƙara samun damar zuwa hajji ba. Mutumin da ya fita domin ya rabu da mulki, sai ga shi ya dawo da littafin koyar da masu mulki.

Boɗinga da Gwandu

An ci Alƙalawa a watan Oktoba na 1808. Bayan Shehu ya koma Sifawa, a 1812 ya raba kula da ƙasa biyu, ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma. Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da wansa. Ko a wannan lokaci bai bar tsaurinsa ba. Yana ƙin a kira shugaban Musulmi da laƙabin sarauta irin na da, yana ƙin kiɗa da tufafin alfarma. Shehu kuwa ya fi shi sassauci, yana ganin duk abin da malamai suka yi saɓani a kansa bai kamata a tsananta wa jama'a ba. Sun yi wannan muhawara ta hanyar littattafai, ba tare da zumunci ya lalace ba. A littafinsa Najmul Ikhwani ma Shehu ya shawarci jama'a su karanta littattafan Abdullahi, domin shi ne ya fi kula da tsare zahirin shari'a.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Riwayar da ta shahara ta nuna cewa Abdullahi ya taso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya, daga bisani ya tare a Gwandu. An ɗauki wasu shekaru ba sa ga-maciji sosai, har lokacin da mutanen Kalambaina suka yi tawaye, Bello ya kawo wa baffansa ɗauki. Bayan an ci garin suka sasanta, Abdullahi ya amince da shugabancin ɗan wansa. Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari yawancin harkokin mulki da yaƙi, ya duƙufa kan karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a 1245 bayan Hijira, wato 1829, kuma a can kabarinsa yake, cikin Jihar Kebbi ta yau.

Rubuce-rubucensa

Malam Abdullahi ya bar littattafai masu yawa a fannoni daban-daban. A tafsiri akwai Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961, da kuma Kifayatu Lu'afa'is Sudani, wanda ya taƙaita domin masu ƙaramin ƙarfi a karatu. A fannin harshe akwai Bahrul Muhiɗi a kan nahawu da Hisnur Rasini a kan sarfu, wato ginin kalma, dukansu a waƙe. A fannin gyaran zuciya kuwa akwai irin su Maɗiyyatuz Zadi da Tahzibul Insani, masu kiran mutum ya yi guzurin lahira, ya tsarkake kansa daga halayen Shaiɗan. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sunansa yake ɗauke da shi.

Ra'ayoyin Masu Karatu

Da na kawo wa 'yan rukuninmu abin da na samo, sai gardamar ta ɗauki sabon salo. Ra'ayi uku suka fito.

Na farko shi ne na masu ganin tafiyar 1807 zuhudu ce tsantsa. Waɗannan sukan kwatanta shi da Imamu Gazali, wanda ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095 yana kan ganiyar shahararsa, ya yi zaman kaɗaici a Sham da Ƙudus, ya yi hajji, ya rubuta Ihya'u Ulumiddini, littafin da malaman jihadi suka sani ƙwarai. Sai dai wanda ya duba babin kaɗaici a cikin Ihya'u zai ga Gazali bai ce kowa ya gudu ba. Ya kawo amfanin kaɗaici guda 6, ya kuma kawo amfanin cuɗanya da mutane guda 7, na farkonsu koyo da koyarwa. Shi kansa ya koma koyarwa a Naisaburi a 1106, kafin rasuwarsa a 1111. Ke nan abin da mutanen Kano suka roƙi Abdullahi yana cikin abin da Gazali ya ce mai kaɗaici yakan rasa.

Na biyu shi ne na masu ganin fushi ne kawai. A cewarsu, an ƙi jin shawararsa a Alwasa, ga tauraron Bello yana hawa, sai ya yi zuciya ya tafi, kamar yadda ya sake yi a 1817. Wani abokinmu da ya karanta adabin Ingilishi ya kawo misalin Henry David Thoreau, Ba'amurken da ya zauna shi kaɗai a wata bukka a bakin tafkin Walden daga 1845 zuwa 1847, ya kuma fitar da littafi mai sunan tafkin a 1854. Har gobe masu karatu na yi masa gorin cewa garinsu Concord na nan kusa, yana yawan shiga gari yana cin abincin gida. Abokin namu yana ganin duk masu wa'azin kaɗaici haka suke, da wuya ka sami wanda ba shi da wurin komawa.

Na uku shi ne wanda muka fara da shi, cewa zuhudu ado ne na mai hali. Wanda bai mallaki komai ba, me zai bari?

Ni dai ga inda na tsaya. Ba na musun cewa Malam Abdullahi ɗan Adam ne, yana jin zafi, kuma abin da ya faru a 1817 ya sosa masa rai. Amma mai fushin an hana shi mulki, idan mulki ya zo hannunsa riƙewa yake yi da hannu biyu. Shi kuwa rabin daula na ƙarƙashinsa ya miƙa wa na baya ya koma kan buzunsa. Sannan mai fushi laifin wasu yake gani, shi kuwa da kansa ya fara. Game da ra'ayi na uku, na yarda akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma tarihin ma ya nuna haka, domin kukan Abdullahi a kan masu neman sarauta da tara dukiya yake, ba a kan talakan da ke neman abin sawa a baki ba. Idan muka ɗauki wa'azin da aka yi wa masu mulki muka ɗora wa mai tallar ruwa a tashar Gwagwalada, mu ne muka karkatar da shi.

Abin da na fi ɗauka a tarihin nan shi ne, kaɗaicinsa na cikin daji kwana 3 ne kacal, amma ya yi sama da shekara 20 bayan haka a cikin mutane, ga mulki ga dukiya a kusa da shi, yana karantarwa yana tsawatarwa. A wurina wannan ya fi tafiyar wuya.

Kammalawa

Ba mu daidaita a rukuninmu ba, haka muka miƙa aikin da ra'ayoyin uku a jere. Amma tun daga lokacin nake yi wa kaina wata tambaya. Nan ba da daɗewa ba za mu gama karatu, mu tafi bautar ƙasa, mu shiga layin neman aiki, kuma babu wanda zai ce ba ya son ya samu. Idan Allah Ya sa wani daga cikinmu ya hau kujera, ya ga abokan tafiyarsa sun sauya kamar yadda Malam Abdullahi ya gani, me zai yi? Zai tafi, ko zai zauna ya faɗi gaskiya, ko kuwa zai bi sahu? Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai da su nemi Tazyinul Waraƙati su karanta da kansu, ko da fassarar ce, sannan su aiko da nasu ra'ayin a fitowa ta gaba.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya gafarta masa, Ya ba mu ilimi mai amfani da wadatar zuci, amin.